Furanni a Bakin Dam: Ko Jibiya Za Ta Iya Abin da Garin Holan Ya Yi?

A jihar Mishigan ta Amurka akwai wani gari da ake kira Holan, a bakin tafkin Makatawa, wanda ruwansa ke zuba cikin babban tafkin Mishigan. Mazaunansa dubu talatin ne da 'yan kai. Amma duk farkon watan Mayu, idan ƙanƙara ta narke, sanyi ya janye, sai baƙi dubu ɗaruruwa su cika garin, kuma abin da ya kawo su kallon fure ne. Sunan furen tulif. Ana binne ƙwararsa a ƙasa kamar albasa tun kafin sanyi ya shigo, ta kwana cikin ƙasa watanni, sannan ta fito da fure guda a kan kara guda, wani ja, wani rawaya, wani fari, wani ruwan hoda. Miliyoyi ake shukawa a gefen tituna da lambuna. A wani tsibiri na garin kuma akwai tsohon injin niƙa mai aiki da iska, mai fikafikai huɗu, tsayinsa ya kusa mita 38, har yau yana niƙa alkama ana sayar wa baƙi garin alkamar.

Mutanen ƙasar Holan ta Turai ne suka kafa garin a 1847, ƙarƙashin wani limamin coci mai suna Albertus van Raalte. Sun baro gida saboda saɓani da cocin gwamnati da kuma matsin rayuwa. Furen bai zo tare da su ba. Sai a 1927 wata malamar makaranta, Lida Rogers, ta ba da shawarar a ƙawata garin da furen ƙasar kakanni. Majalisar gari ta sayo ƙwara dubu ɗari daga Turai, aka yi bikin farko a 1929. Injin niƙan kuwa, wanda ake kira De Zwaan, an gina shi a Turai tun 1761. A 1964 aka saye shi dala 2,800, aka kwance shi gunduwa-gunduwa, aka ɗoro a jirgin ruwa, aka sake haɗa shi a Mishigan, aka buɗe a 1965. Daga shi gwamnatin ƙasar Holan ba ta sake barin wani irinsa ya fita ba.

Me ya haɗa wannan da ƙaramar hukumar Jibiya ta jihar Katsina? Masu son a gwada irin wannan abu a gida suna cewa kayan haɗin duk suna nan, a warwatse kawai suke. Akwai tafki, wato dam ɗin da aka datse kogin Gada, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 142. Akwai tarihin ƙaura da ya haɗa Katsina da Maraɗi. Akwai ma injinan iska, fankokin lantarki na Lambar Rimi. To me zai hana a kafa biki na shekara-shekara a bakin dam, wanda zai jawo mutane daga Katsina da Kano da Maraɗi, mutanen Riko da Bugaje da Faru da Magama su samu abin sayarwa? Waɗansu kuma da jin wannan sai su girgiza kai, su ce wanda bai kwana lafiya ba ba a yi masa zancen fure. Duk ɓangarorin biyu suna da hujjar da ta cancanci a tsaya a saurara.

Abin da masu goyon baya ke cewa

Hujjarsu ta farko ita ce gadon gari abu ne da ake ginawa da hannu. Tulif kansa ba ɗan asalin Holan ba ne. Daga duwatsun tsakiyar Asiya ya fito, Turkawan daular Usmaniyya suka rene shi a lambunansu, sai a ƙarshen ƙarni na 16 ya isa Laidin, inda wani masanin tsirrai, Carolus Clusius, ya dasa shi. Yau duniya na kiransa furen Holan. Mutanen Mishigan su ma shekara tamanin suka yi a garinsu kafin su tuna da shi. Saboda haka, in ji su, wanda ya ce Jibiya ba ta da al'adar bikin bakin ruwa bai faɗi abin da zai hana a fara ba.

Ba sa cewa a shuka tulif. Sun san ƙwararsa na bukatar watanni uku zuwa huɗu na sanyin da hunturunmu bai taɓa kaiwa ba. Abin da suke nunawa shi ne namu. Duk wanda ya ga gonar zoɓo a ƙarshen kaka, lokacin da ta yi jajir daga wannan kunya zuwa waccan, ya san ba mu rasa abin kallo ba. Kuma zoɓo ya fi tulif wani abu: bayan an gama kallo a girbe shi, a shanya, a cika buhu, 'yan kasuwa su kai shi har Meksiko. Akwai bado a kan ruwa. Akwai furen ɗorawa da ke reto a rani. Akwai koren alkama da albasa da tumatir na 'yan noman rani a lokacin da ko'ina ya bushe, wanda a idon mutumin Sahel ya fi kowane fure daɗin gani. A haɗa da gasar kamun kifi, da tseren kwale-kwale, da kokowa, da dambe, da baje kolin amfanin lambu, an samu kwana uku cif.

Hujja ta biyu ita ce wadda suka fi ji da ita, kuma a ganina ita ce mafi nauyi. Garin Holan na Mishigan gari ne na waɗanda suka bar gida suka riƙe sunan gida. Irin wannan gari yana nan kusa, tsallaken boda. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina wajen 1807, sarakunan Haɓe da jama'arsu suka yi arewa, daga baya sarkinsu Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi. Har gobe sarautar can Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce mata, da Kaura da Galadima da Durɓi da 'Yanɗaka irin na tsohuwar fada. Bature ya zo ya ja layi tsakanin yankin mulkin Ingila da na Faransa, layin ya ratsa dangi, ya ratsa gonaki. Mutumin Riko ko Magama ba ya bukatar a karanta masa wannan a littafi: goggonsa na aure a Ɗan Isa, abokin cinikinsa na Madarumfa. Mutanen Mishigan sai da suka sayo injin daga bayan teku don su taɓa tarihinsu da hannu. Mu namu tarihin yana tafiya da ƙafarsa, yana zuwa kasuwa, yana canjin sefa da naira. Ruwan ma ɗaya ne. Kogin Gada da aka datse a Jibiya shi ne yake shiga Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, ya bi ta yankin Madarumfa, inda tafkin nan mai kaburburan waliyyai casa'in da tara yake, wanda Nijar ta sa a jerin wuraren da take nema wa shaidar UNESCO tun 2006. Biki guda da zai fara a wannan tafki ya ƙare a wancan, in ji su, ba a taɓa yin irinsa ba a yankin.

Sai su kawo Argungu. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka shirya masa gasar kamun kifi a kogin Matan Fada, alamar an rufe babin gabar da ta ɗauki kusan ƙarni tsakanin Kabawa da Sakkwato. Daga wannan tarya ta kwana kaɗan aka samu bikin da UNESCO ta sa a kundinta a 2016. Wato biki na iya zama hatimin sulhu. A Nijar kuma kokowar takobi da aka fara a 1975 ta zama abin da ke tsayar da ƙasa cik, daga Diffa har Tillaberi kowa na gindin rediyo. Da a ce za a gayyato 'yan kokowar Maraɗi su kara da na Katsina a bakin dam, ai ba sai an yi shela sau biyu ba.

Abin da masu suka ke mayarwa

Su kuma sukan fara da tambaya guda: wa zai zo? Shekarun baya-bayan nan sunan Jibiya a bakin 'yan jarida yana tafe ne da labarin ɓarayin daji. Ƙauyuka sun tashi, mata da yara sun kwana a makarantu da kangwaye a cikin gari, waɗansu sun tsallaka Nijar neman mafaka. A 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi ciki har da Jibiya. Sulhun da aka ƙulla da ɓarayin dajin a farkon 2025 ya kawo sauƙi, amma duk wanda ya san tarihin irin wannan sulhu a Katsina da Zamfara ya san an sha ƙullawa yana warwarewa. Tara dubban mutane a fili, da motoci, da kuɗi, da manyan baƙi, kusa da dajin da bai gama zama lafiya ba, a wurinsu ganganci ne. Argungun da ake misali da ita, su ce, ai ita kanta sai da ta yi kusan shekara goma ba a yi bikin ba, sai a 2020 aka dawo da shi. Idan bikin da ya yi suna a duniya ya kasa tsayawa a gaban rashin tsaro, ina ga jariri?

Na biyu, boda. Duk lissafin masu goyon baya ya dogara ne a kan mutanen Maraɗi za su shigo. Amma makullin bodar ba ya hannun Jibiya. An rufe iyakokin Najeriya a watan Agusta 2019, aka daɗe ana jira, kuma ko da aka buɗe waɗansu a ƙarshen 2020 Jibiya ba ta cikin na farko. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai aka sake rufewa, manyan motoci suka yi jerin gwano, kaya suka ruɓe a cikinsu, sai a watan Maris 2024 aka buɗe. A Janairu 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS. Wa zai zuba jarinsa a rumfa da masauki alhali sanarwa guda daga Abuja ko Yamai na iya soke rabin baƙinsa?

Na uku, kuma a nan ne muryarsu ke ɗagawa, shi ne batun fankokin Lambar Rimi. Suna cewa masu kawo su a matsayin abin alfahari ba su san abin da suke tona wa kansu ba. Tun Umaru Musa 'Yar'aduwa na gwamnan Katsina aka fara zancen aikin, gwamnatin tarayya ta karɓe shi, aka ba kamfanin Vergnet na Faransa kwangilar kafa fanka 37 da za su ba da megawat 10. A Disamba 2012 'yan bindiga suka sace injiniyan kamfanin, Francis Collomp, daga masaukinsa a Rimi, sai a Nuwamba 2013 ya kuɓuta. Aiki ya tsaya. Shekaru suka yi ta wucewa, minista ya zo ya duba ya sa rana, ranar ta wuce, wani ministan ya zo ya sa wata. Injin da aka gina a 1761 yana niƙa alkama a Mishigan, namu na zamani sun fi shekara goma ana jiran su cika alkawari. Wannan, in ji su, shi ne ainihin bambancin da ke tsakaninmu da garin Holan, kuma fure ba ya gyara shi.

Daga nan sai su juya kan dam ɗin kansa. An gina shi ne don ruwan sha da noman rani na kimanin hekta 3,500, ƙarƙashin hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima. Tsarin ban-ruwansa ya dogara da injinan turo ruwa, injin kuwa sai da wuta ko gas, shi ya sa manoma suka daɗe suna kukan ruwa na kwance a dam, magudanai a bushe. Duk nairar da za a kashe a kan rumfar manyan baƙi da hular 'yan kwamiti, an ɗauke ta ne daga bakin injin. Sun kuma ga yadda wuraren shaƙatawa na bakin ruwa suka ƙare a Arewa. Otal ɗin Rock Castle na Tiga, wanda aka gina zamanin Audu Baƙo, ya daɗe a yashe. Na Bagauda ya koma makarantar horar da lauyoyi. Waɗannan a jihar Kano suke, mai yawan jama'a da 'yan kasuwa, a lokacin da hanya ke lafiya lau.

Zagaye na biyu

Masu goyon baya ba su musanta ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da suke cewa shi ne an juya misalan ne a baibai. Tiga da Bagauda da Lambar Rimi duk ayyukan gwamnati ne daga sama, kwangila ce, gini ne da ƙarfe, wanda in mai shi ya sauka daga mulki sai ya zama maraya. Bikin Mishigan kuwa malamar makaranta ce ta kawo shawara, majalisar gari ta sayo iri, mutane suka saya a kuɗi kaɗan suka dasa a ƙofar gidajensu. 'Yan makaranta ne ke rawa da takalman katako, mutanen gari ne ke fitowa da bokiti da tsintsiya su wanke titi cikin kayan gargajiya. Irin wannan ba ya bukatar minista. Ƙungiyar masunta, ƙungiyar manoman rani, sarkin dambe, hakimi da dagatai, sai ɗan tallafin ƙaramar hukuma, sun isa a fara. In ya mutu, asarar ba ta fi ta kasuwa guda da ruwa ya watsa ba.

Game da boda, sai su nuna layin dogo. An ƙaddamar da aikin jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi a Fabrairu 2021, kilomita 284, kamfanin Mota-Engil na Fotugal ke yi, kuma zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ranar da ya fara aiki, ko dai Jibiya ta zama wurin da ake sauka, ko ta zama wurin da ake hange ta taga. Garin da ba shi da dalilin da zai sa a sauka, jirgi wuce shi yake yi. Suna ƙarawa da cewa garin da aka san shi da fasa-ƙwaurin shinkafa da fetur da labarin hari yana da bukatar wani abin da za a san shi da shi, ko don 'ya'yansa da ke karatu a wasu garuruwa su daina jin nauyin faɗin inda suka fito.

Masu suka a nan sai su sauya makami, su ce to, gadon wa za a yi wa biki? Tarihin Katsina da Maraɗi ba zumunci ne zalla ba. Ƙarni na 19 kusan duka yaƙi ne, zamanin Sarki Ɗan Baskore mayaƙan Maraɗi sun sha kai hari cikin ƙasar Katsina, kuma wannan yanki na iyaka shi ne filin da dawakin ke bi. Wa za a yi wa kirari a dandali, wanda ya kora ko wanda aka kora? A yau kuma da ake fama da raunin da ke tsakanin manomi da makiyayi, bikin da zai nuna dambe da kokowa ya manta da Bafulatanin da ke shayar da shanunsa a wannan dam zai ƙara tsaga ne. Garin Holan ma bai tsira daga wannan ba. 'Yan ƙabilar Ottawa da Turawan suka tarar a wurin sun tattara sun yi arewa cikin shekara biyu, kuma yau kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mazauna garin 'yan asalin Latin Amurka ne, waɗanda takalmin katako ba na kakanninsu ba ne.

Akwai kuma manoman tsallake. Tun da aka datse Gada, mutanen kwarin Gulbin Maraɗi ke ƙorafin ruwan da ke isa gare su ya ragu, duk da yarjejeniyar raba ruwa da ƙasashen biyu suka sa wa hannu a Maiduguri a 1990, wadda ta ambaci wannan kogi da sunansa. A gayyaci mutum ya zo ya yi murna a bakin ruwan da yake ganin an tare masa, abu ne mai bukatar dabara. Mutanen Jibiya su ma ruwa ya taɓa zame musu makoki: ambaliyar Yuli 2018 ta ci rayuka fiye da arba'in cikin dare guda.

Malamai kuma suna da tasu maganar, kuma ba a raina ta a ƙasar Katsina. Taron kiɗa da cakuɗuwar maza da mata a bakin ruwa har dare, sun san abin da ke biyo bayansa. Masu goyon baya kan amsa da cewa waɗanda suka kafa garin Holan mutane ne masu tsananin riƙon addininsu, garin ya yi suna da yawan coci-coci, kuma bikinsu na rana ne, na iyali. Hawan Sallah ma ai taro ne, an kuma san yadda ake tsara shi. Wannan amsa ta gamsar da waɗansu, waɗansu ko kusa.

Idan aka tankaɗe

Akwai wani abu a tarihin garin Holan da ɓangarorin biyu ba su cika tsayawa a kansa ba, ni kuwa shi ya fi ɗaukar hankalina. Kafin fure, mutanen garin sun fara haƙa ne. Tafkinsu ba shi da mafitar da jirgi zai bi zuwa babban tafkin Mishigan, sun nemi gwamnati ta yi musu, abin ya yi ta jan ƙafa, sai suka ɗauki shebur da diga suka yanka hanyar da kansu. A 1871 gobara ta cinye yawancin garin, a daidai lokacin da Shikago ke ci da wuta, suka sake ginawa. Sun kafa kwalejin Hope. Masana'antu suka zo: na kujeru da tebura, na sarrafa kokwamba na kamfanin Heinz, daga baya har na batirin mota. Albashin garin daga nan yake fitowa. Tulif ya zo ne a kan gari mai ci da kansa, kuma ko a shekarar da bai yi ba garin bai girgiza ba. A 2012 zafi ya zo da wuri, furanni suka buɗe suka zube kafin ranar biki, mutanen gari suka mayar da abin barkwanci suna kiransa bikin kara. A 2020 annoba ta sa aka soke shi gaba ɗaya. Wannan ya ƙarfafa masu suka: biki ado ne, riga ake fara ɗinkawa kafin a yi mata aiki a wuya.

Injin iskar ma haka. A ƙasar Holan ta Turai waɗannan injina ma'aikata ne. Da su aka riƙa kwashe ruwa daga ƙasar da ke ƙasa da teku, da su ake niƙa da tsaga katako. Sai da injin tururi da lantarki suka karɓe aikin sannan suka zama abin ɗaukar hoto. Idan akwai darasin da wannan ke ba Jibiya, to a kan turo ruwa yake. Iska ce ko hasken rana, duk abin da zai sa ruwan dam ya hau magudanai ba tare da jiran tankar gas ba, shi ne ɗan'uwan De Zwaan na gaskiya a wannan yanki. Hekta dubu uku kore shar a watan Janairu ita kanta abin zuwa gani ce.

Amma masu suka su ma sun wuce gona da iri a wuri guda. Suna magana kamar kuɗin biki da kuɗin ban-ruwa daga aljihu ɗaya suke fita, alhali dam na hukumar tarayya ne, gasar kokowa kuwa 'yan kasuwar gari na iya ɗaukar nauyinta. Hana ƙaramin ba ya kawo babban. Shekarun da aka yi ba biki ai ba su gyara injin ko ɗaya ba. Tsoron da ya fi zama gaskiya shi ne kada abin ya faɗa hannun masu neman kwangila, ya tashi daga taron masunta da manoma ya koma ranar jawabai, a kawo baƙi daga Abuja cikin rakiyar sojoji, mutumin Riko ya tsaya bayan igiya yana leƙe. In haka za a yi, gara a bari.

Batun gadon wa kuwa, ina ganin ya fi sauƙi fiye da yadda ake tsoro, muddin ba a ce sarakuna da yaƙe-yaƙensu za a yi wa bikin ba. Ruwa da abin da yake fitarwa, kifi da albasa da nono da zoɓo, ba su da ɓangare a yaƙin ƙarni na 19. Argungu ma da kifi ta rufe nata babin. Sai dai maganar rabon ruwa da mutanen Gulbi ba za ta ɓace don an yi kiɗa ba, kuma mai yiwuwa zaman da za a yi don shirya taron ya zama karo na farko da manoman sama da na ƙasan dam za su faɗa wa juna ita ido da ido.

Inda hujjoji suka tsaya kunnen doki shi ne lokaci. Masu suka na cewa a jira zaman lafiya ya kafu, a ga damina biyu ko uku an yi noma an girbe ba a biya kowa kuɗin shiga gona ba. Masu goyon baya na cewa zaman lafiyar da ba a fito an taka shi ba ba ya kafuwa, kuma ziyarar 1934 da an jira sai kowa ya manta da gaba da ba a yi ta ba. Tarihin Argungu ya ba kowannensu shaida, na farko shekarun da aka rufe, na biyu shekarar da aka buɗe. Waɗanda za su iya raba wannan gardama su ne mutanen ƙauyukan da suka koma gidajensu kwanan nan, domin su ne suka san ko hanyar da ke zuwa dam ta kai a bi ta da yara da yamma, kuma su ne za su fara biyan kuɗin kuskure in an yi gaggawa. Ko sun ce a yi, sauran rabin amsar tana Magama da Ɗan Isa, a hannun jami'an da ke jiran umarni daga Abuja da Yamai.